Firjin Rigakafi da Fankar Liman

Ana idar da sallar asuba muka bar garin Kamlin, ni da abokin aikina, bayan mota cike da wayoyin lantarki. Hanyar Madani ramuka zalla, ga mai ya yi tsadar da direba ya daina fara'a. A bakin titi muka ci ful, wato dafaffen wake, da burodi, muka kora da jabana, gahawa mai citta, idona ya buɗe tar. Dama da hagu gonakin dawa ne da auduga.

Wani ƙauyen Hausawa muka nufa kusa da Wad Haddad. Asibitinsu da sola yake aiki, kuma akwai na'urar da ke kashe wasu kaya da kanta in batir ya yi ƙasa. Abin takaici, firjin allurar rigakafin yara take fara kashewa, ta bar fankoki suna ta juyi. An taɓa zubar da allurai da suka lalace, ga sababbi an kawo, shi ya sa aka kira mu mu gyara.

Ina buɗe tsarin na'urar a kwamfuta na riƙe baki. Babu kalmar firji, babu ta fanka a ciki. Kowane abu sunan wanda ya saye shi sadaka aka sa masa, aka jera su bisa shekaru! Mai firjin saurayi ne, shi ya sa ya zo ƙarshe, shi ake fara yanke wa wuta; Liman kuwa, da ya sayi fanka, shi ne a sama.

Na ce a goge sunayen. Dattijon da ke kula da asibitin ya ce, "Haba ɗana, mutum ya yi sadaka ka share sunansa? Wallahi a'a."

To, halas, shi ke nan. Na bar wa kowa sunansa, na ƙara alama: wannan na sanyi, wannan na haske, wannan kada a kashe. Na tsara su daga gini zuwa ɗaki zuwa kayan ciki, na nuna batirin da ke ba kowanne wuta. Muka bi ɗaki-ɗaki muna kunnawa muna kashewa, gumi sharkaf.

Bayan la'asar hadari ya rufe rana, batir ya fara sauka. Muka yi cirko-cirko. Fankar Liman ta tsaya cak. Firji kuwa yana ta gurnaninsa! Ma'aikaciyar jinya ta rangaɗa guɗa, ni ma na kwaɗa kabbara ba kunya. Dattijon ya dafa ni: "Ka sa yaro gaban Liman, amma Allah ya yi maka albarka."

Washegari muka kamo hanya, raina fes. Na koyi cewa ana gyara wa mutane aiki ba tare da an taɓa abin da suke girmamawa ba. Ina sauke jaka a gida ma'aikaciyar jinyar ta bugo waya: mata sun cika ƙofar asibiti da goyo don rigakafi, kuma ba wadda aka ce ta koma haka nan.