Tokar Ɓawon Gyaɗa

A bayan garkata, can gefen tafki, akwai wani mutum da sana'arsa ita ce fasa tsofaffin batiran mota. Dalmar ciki yake narkarwa, ya sayar wa masunta su ɗaura a bakin taru don ya nutse. Ruwan da yake wanke ƙazantarsa kuwa, sai ya sako shi ya gangaro ramin da nake ɗiba ina ba ganyen salatina ruwa. Ruwa ne mai kauri da tsami, ko kwaɗo ba ya zama ciki. Na yi magana har na gaji, mutumin kunnen ƙashi gare shi.

Ɗiyar ƙanwata, wadda ke karatun kimiyya a Maraɗi, ta zo hutu ta ga ramin. Ta toshe hanci ta ce, "Kawu, ba warin ne abin tsoro ba, dalmar ce. In ta shiga jikin yaro, ƙwaƙwalwa take ci a hankali."

Ta sa aka daka ɓawon gyaɗa, ta cika randa biyu da aka huda gindinsu, ruwan ya riƙa bi ta ciki kafin ya iso ramina. Ta ce ɓawon na kama dalmar ya riƙe. Kafin ta koma ta ja mini kunne: in ɓawon ya tsufa a canza shi, a binne tsohon a rami mai zurfi, nesa da rijiya.

Na canza sau biyu, amma ban haƙa ramin ba. Buhu na zuba shi, na kawo gida na jingine bayan rumbu, kullum ina cewa gobe.

To, a gidanmu ba a yar da abin da ya fito daga gona. Kara na darni ne, harawa ta awaki, abin da ya rage Inna, mahaifiyata, ta ƙone shi, ta zuba tokar a tukunya mai huji, ta tace ruwan toka na miya. Ita ba ta yarda da kanwar kasuwa ba. Kuma ɗiyata, lokacin tana shekara uku, ba ta cin tuwo sai a kwanon Inna.

Ranar da na tashi yin ramin, na ɗaga buhu na ji shi sakayau. Na bi ta bayan ɗakin Inna, sai ga tukunyarta tana ɗiga, a kan tokar ga guntayen ɓawon da bai gama ƙonewa ba, da farin dattin ruwan batir a jikinsu. Kwana nawa ina yaba miyar kuɓewar nan, har ina neman ƙari! Nan take na durƙusa gindin darni na yi ta amai.

Inna ta fito tana cewa, "Kai, mi ya same ka? Ɓawo mai kyau ka aje yana lalacewa. Ai wuta ta cinye dauɗar."

"Inna, tun yaushe?"

"Tun kasuwar da ta wuce, da wadda ta gabace ta."

Na ɗauki tukunyar na rotsa ta da ƙasa. Ban taɓa yi wa Inna haka ba, ta yi kwana uku ba ta amsa gaisuwata. Na kira ɗiyar ƙanwata a waya, ta ce wuta ba ta cin dalma, tattara ta kawai take yi cikin tokar.

Na so in ɗora laifin kan mai batir, na so in ɗora kan Inna, amma ƙyamar kaina ta fi yawa. Ramin da na ƙi haƙawa, da na zo haƙa shi bai ci mini rabin wuni ba.

Ɗiyata yanzu tana lakwal. Malaminta ya ce tana da hankali, sai dai sai an maimaita mata abu sau uku. Wataƙila haka Allah ya yi ta. Ni dai ban sani ba, kuma babu wanda zai iya faɗa mini.