Dawowa daga Sakkwato da Ragowar Mai

Samaru

Ana idar da sallar asuba na fito. Mama ta rako ni har ƙofar gida tana ta zuba addu'a, yayana Sani ya goya ni a babur zuwa filin jirgin makarantarmu ta koyon tuƙi. Malamina Kyaftin Okon, mutumin Sabon Gari, har ya riga ni isowa. Muka duba jirgin, na leƙa tankunan mai da idona, duk a cike. Rana na ɓullowa muka tashi.

Sakkwato

Tafiyar zuwa ta yi daɗi, ko'ina kore shar saboda damina. Muka sauka da hantsi, aka ƙara mana mai, muka ci waina da miyar taushe. Kyaftin ya nemi ƙari, mai wainar ta ce, "Yallaɓai, jirgin zai iya ɗaukarka kuwa?"

Sararin Zariya

A dawowa ne iska ta tare mu ta gaba, ga hadari ya gangamo, dole muka kewaye shi. Da muka matso, wata mata da ke aiki a hasumiyar filin jirgi ta ce ruwa ake tafkawa a kan titin sauka, mu yi ta zagaye tukuna. Filin jirgin Kaduna ma an rufe shi. Muna zagaye, allurar mai na yin ƙasa.

"Hadiza, saura nawa?" in ji Kyaftin.

"Bai kai na awa guda ba."

"To, ke za ki faɗa musu. Kada ki rage, kada ki ƙara."

Na danna rediyo, na faɗi lambar jirginmu da Turanci, na ce manmu ya yi ƙasa, ba za mu iya ƙarin jira ba. Matar ta tambaye ni man minti nawa ya rage, mu nawa ne a ciki. Muryarta a natse, sai na ji tawa ma ta daidaita. Ta sa wani jirgi da ke gabanmu ya dakata, ta ce ruwan ya ja yamma, mu ne farkon sauka. Na hango rufin gidajen Jushi yana ƙyalli, na saita titi, tayoyi suka taɓa ƙasa lafiya. Sai kawai matar ta juya harshe zuwa Hausa, ta ce, "Sannu da zuwa, ƙanwata."

Gida

Kyaftin ya ja ni gidansu a Sabon Gari, matarsa ta cika ni da sakwara, kafin Sani ya zo ɗaukata. Bayan magariba na ba Mama labari tiryan-tiryan. Da na gama ta ce, "Matar nan, kin san ta?"

"Ko fuskarta ban taɓa gani ba."

"To, gobe ki nemo ta, ki ce uwarki na gaishe ta."

Na kuwa hau hasumiyar washegari na isar da saƙo. Alhamdu lillahi da Ya kai mu, Ya dawo da mu.