Ranar da Baba Ya Ɗauko Mini Sha-kauci

Shekara biyu bayan samun 'yancin kai aka tura ni Ikara aikin malamin gona. Baturen da na tarar a ofishinmu yana shirin komawa gida, kuma shi mutum ne mai haukan tsuntsaye. Ranar da zai tafi ya bar mini kyamararsa da wani littafi mai hotuna. A littafin na ga wani ɗan tsuntsu na ƙasashen Amurka da ke tsayawa cik a iska yana tsotsar fure. Na ce ai mu ma muna da irinsa, sha-kauci, wanda ƙirjinsa ke walƙiya ja da kore idan rana ta haska shi. Daga ranar haukan Bature ya dawo kaina.

Fim ɗin hoto goma sha biyu yake ci, kuma sai an je Zariya ake samun wani. Na ɗauki zalɓe a bakin rafi, na ɗauki gauraka biyu a fadamar Makarfi, na ɓata uku a kan cilakowa da ta ƙi zama wuri ɗaya. Wasu kuma suka tafi wajen bin sha-kauci. Kafin in kai ƙauyenmu da ke kusa da Kudan a kan keke, saura biyu.

Baba manomin rake ne, kuma bai taɓa tsayawa gaban kyamara ba. Ba zai roƙi ɗansa da bakinsa ba, sai Inna ce ta ja ni gefe.

"Babanka yana so ka yi masa hoto. Tun da ya ji za ka zo ya sa na wanke masa rigarsa ta Juma'a."

Na ce ta gaya masa hoton ƙarshe nasa ne, alkawari na yi. Da muka gama gaisawa da shi a zaure ya tambaye ni abin da ya kawo ni da wannan akwati a wuya. Na ce, "Baba, sha-kauci na zo ɗauka. Kwana nawa ina binsa, ya ƙi ɗaukuwa."

Ya yi dariya ya ce, "Sha-kauci? Shi ne ya gagari malamin gona?"

A lokacin ina ji da kaina ƙwarai. Ina da gajeren wando da doguwar safa, ina jefa Turanci a zance ko ba a tambaye ni ba. Ban tsaya na yi masa bayanin cewa ɗaukar da nake nufi ba ta hannu ba ce. A zatona kowa ya san wannan.

Washegari da hantsi na tafi gindin wata ɗorawa da kauci ya yi fure a kanta. Na zauna har ƙafata ta yi sanyi, tsuntsun ya zo sau ɗaya, na danna, ya riga ya tashi. Saura ɗaya, na Baba. Na dawo gida ina huci.

A ƙofar gida na tarar da shi tsaye cikin rigar nan, ta sha shuni, ya naɗa rawani. Abokansa uku suna zaune a kan tabarma, sun zo kallon yadda ake hoto. Hannunsa na dama a dunƙule yake, fuskarsa kuwa sai murmushi.

"Malamin gona, zo ka karɓi abinka. Na ɗauko maka."

Ashe tun da asuba ya shafa danƙon gamji a tsinke ya ɗana a wata bishiyar, kamar yadda suke yi suna yara, ya yi ta gadi har tsuntsun ya maƙale. Mutum mai shekara saba'in ya hau reshe saboda ni. Ya ɗan buɗe yatsunsa, na ga gashin duk ya cuɗe da danƙo, fiffike ɗaya ya karye, ɗan bakin yana buɗewa yana rufewa.

Raina ya ɓaci, kuma ban riƙe bakina ba. Na ce, "Wa ya aike ka? Hoto na ce, hoto! Wannan ai jahilci ne." A gaban abokansa na faɗa. Ɗayansu ya sunkuyar da kai yana tsintar zaren tabarma.

Baba bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ai cewa ka yi ɗauka."

Da na tsaya nan, da da sauƙi. Amma zuciya ta riga ta ɗebe ni. Na ce ya buɗe hannun sosai, tunda ya kashe mini tsuntsu bari in ɗauki abin da ya rage. Ya buɗe. Na matso na danna, na ce, "Shi ke nan, fim ya ƙare."

Ya dube ni, ya dubi kyamarar, ya gane. Ya ce, "To, madalla." Ya ajiye tsuntsun a inuwar katanga, ya goge tafinsa da ƙasa don kada danƙo ya ɓata rigar, ya shiga gida ya tuɓe ta. Ni kuwa na hau keke na tafi.

Tun kafin in kai Makarfi kunya ta kama ni. Na ce wa kaina zan sayo fim in dawo da Sallah in ba shi haƙuri, in yi masa hoto goma sha biyu rigis. Aiki ya riƙe ni, aka tura ni kwas, na yi ta ɗagawa. Da damina ta yi tsakiya zazzaɓi ya kwantar da shi kwana huɗu, saƙo bai iso ni ba sai da aka kai shi makwanci. Allah ya ji ƙansa.

Bayan sadakar arba'in na kai fim ɗin wanki. Yawancin hotunan sun yi dishi-dishi, gaurakan nan kamar ɗigon tawada. Guda ɗaya ne ya fito tas. Tsuntsun baƙi ne kawai a ciki, babu ja babu kore. Amma hannun ya fito da komai nasa, kantar fartanya, da tabon da ganyen rake ya yi masa a babban yatsa, da bakin hannun riga.

Na kai wa Inna, don ban ga hanyar ɓoye mata ba. Ta daɗe tana dubawa, ta juya bayan takardar ko akwai saura. Sannan ta ce, "Ina fuskar?"