Mangwaro Uku a Gonar Aro

Shekarun da aka kai ƙanina aikin soja wata ƙasa, ni ne mai fassara wa majalisarmu duniya. Ƙauyenmu yana arewa da Minjibir, inda gona ke manne da gona, tsirin gamba kaɗai ke raba taka da ta maƙwabci. Bayan la'asar muke zama a gindin ɗorawa kusa da masallaci. Ni ke da rediyo, ni na gama sakandare, saboda haka da an kammala labarai ni kowa yake kallo.

Ra'ayina a kan sojan da ke zaune a ƙasar wani kuwa har kurma ya san shi. Duk ƙasar da ta kwashi dakarunta ta kai wani wuri ta ce taimako ta je yi, dariya nake yi. Nakan ce banza ba ta kai zomo kasuwa. Ko mai suka hango a ƙarƙashin ƙasa, ko zinare, ko dai wani abin da ba za su faɗa ba. In da gaske taimako ne, to sun taimaka, su tattara komatsansu su koma gida. Tsofaffi su yi ta gyaɗa kai, ni kuma in gyara zama kamar wanda ya zaga ƙasashen nan da ƙafarsa, alhali iyakata Kano.

Ƙanin nan nawa uwa ɗaya uba ɗaya muke. Da aka raba gado bayan rasuwar Baba, ƙuri'a ta ba shi gonar bayan gida, baƙar ƙasa, wadda ta sha takin awakinmu tun muna yara. Ni ta ba ni ta jigawa, can nesa, rairayi zalla, gero ya fito kamar yana jin kunyar mutane. Na yi hamdala da baki. A zuci kuwa cewa na yi me soja zai yi da baƙar ƙasa, mutumin da rabonsa da fartanya har ya manta.

Ranar da ya zo sallama, a gaban Baffa, ƙanin mahaifinmu, ya yi maganar gonar.

"Yaya, ka riƙe min. Ka noma ka ci, in Allah ya dawo da ni sai in karɓa."

Na ce ba komai, ai yi wa kai ne. Baffa ya shafa fatiha, aka tashi.

Ba zan ɓoye ba, kishinsa ya ci ni a shekarun nan. Ranar Juma'a yake bugo waya, kuma a wayata, don Inna ba ta iya latsawa ba. Ni ke kara mata a kunne. Ina tsaye hannuna ya sage, ina kallon fuskarta tana washewa, tana "Autana, kana cin abinci kuwa?" Ni da nake yaɓe mata ɗaki duk damina, nake auno mata gero daga rumbuna, ban taɓa jin ta tambaye ni ko na ci ba. Ya turo hotonsa cikin kaki, aka yi ta yawo da wayata gida gida har cajinta ya ƙare. Abin da ya fi ƙona min rai, mutanen gari suka daina kirana da sunana, na koma Yayan Soja. Ni da na goya shi, na share masa majina.

Gonar ce ta riƙa sanyaya min rai. Da rani na yi ta jigilar taki a kan jaki, mangala bayan mangala, har kafaɗata ta yi kanta wajen ɗorawa da saukewa. Damina ta faɗi, na shuka gero na ratsa wake. Ban taɓa ganin zangarniya irin ta shekarar nan ba. Karo na farko ke nan da rumbuna ya cika har na rasa inda zan sa dami biyu. Nakan tsaya a bakin kunya da safe in ce wa kaina, tsakani da Allah, wa ya fi cancanta da ƙasar nan, wanda ya yi mata gumi ko wanda ƙuri'a ta faɗa wa?

A damina ta uku rediyo ta canza magana. Aka ce mutanen ƙasar can sun fara fitowa suna cewa baƙin sojoji sun daɗe, su tafi. A nan gida ma masu muhawara suka rabu, wasu na cewa a dawo da yaranmu tun da an fara kawo gawa, wasu na cewa in aka janye yanzu wahalar baya ta tashi a banza. Da aka gama shirin majalisa ta juyo gare ni kamar kullum. Sai na ji bakina yana cewa ai janyewa yanzu ganganci ne. Na ce wanda ya gyara wuri ba ya barinsa a hannun waɗanda suka kasa riƙe shi tun farko, in sun fita ƙasar za ta koma kufai. Na yi bayani mai tsawo, har da nuni da yatsa.

Akwai wani tsoho mai gyaran keke, ba ya yawan magana. Ya ɗago daga tayar da yake liƙewa.

"Malam, ba kai ne kullum kake cewa su tattara su koma gida ba?"

Na ce wannan daban, waɗancan cin amana suka je yi, namu kuwa riƙon amana.

Ya ce, "To, Allah ya sa masu ƙasar ma haka suke gani."

Aka yi dariya kaɗan. Na hau faɗa, faɗan da ya fi ƙarfin maganar, don mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Allah shi ne shaida ban taɓa so wani abu ya sami ƙanina ba. Ina yi masa addu'a a sujada. Abin da nake so kawai a ƙara musu damina ɗaya. In ta wuce kuma, na san kaina, wata zan nema.

A makon nan ne na sayo dashen mangwaro uku a kasuwa. A wajenmu gonar aro kana iya shuka mata duk abin da za a girbe a shekara, gero, dawa, gyaɗa, har rogo. Amma ba a dasa mata itace, domin itace shaidar mallaka ne, wanda ya dasa ya ce ƙasar tasa ce. Ba wanda ya isa riƙe fartanya a garinmu da bai san wannan ba. Na ce wa kaina don inuwa na yi. Na haƙa rami uku a tsakiyar gonar, ba ma a gefe ba, na kewaye su da ƙaya saboda awaki. Baffa ya wuce ta wurin kwana biyu bayan nan. Ya tsaya ya daɗe yana kallo, ya ce min sannu da aiki, ya yi gaba. Shirun nan nasa ya fi min zagi ciwo.

Da kaka aka dawo da su. Ƙanina ya iso a rame, ya yi baƙi, kunnensa na hagu ba ya ji sosai. Gidanmu ya cika kamar ana suna. Inna ta fito da gyaɗar da ta ɓoye, wadda ni na noma, ta sa aka soya masa.

Da yamma ya zo majalisa. Na ajiye rediyona a inda na saba, ba wanda ya ce a kunna. Liman ya tambaye shi abin da ya kai su can tun asali.

Ya ce, "Wallahi Malam, manya suka sani. Mu dai an ce mu tsare hanya, mun tsare. Da muka je mata har ruwa suke kawo mana. Da za mu taho, jifa ake yi."

Mai gyaran keke ya ce to a ganinsa janyewar ta yi daidai?

Sai da ƙanina ya juyo da kunnen dama aka maimaita masa. Ya ce, "Da an janye mu tun suna kawo ruwan, da ya fi."

Wurin ya yi tsit. Shekara da shekaru ina zuba a gindin ɗorawar nan, ban taɓa faɗar abin da ya sa tsofaffi suka yi shiru haka ba. Yaron da ko jarida ba ya karantawa. Na ɗauki rediyona na ce zan je in duba awaki.

Washegari da hantsi Baffa ya kira mu gona, ya gayyato mai unguwa. Na san abin da za a yi. Muka tsaya a gaban dashen, sun yi ganye shar, abin haushi. Baffa ya ce shi dai aro ya shaida, yana so ya ji wanda ya ba da izinin itace. A garinmu in aka tabbatar ka yi haka, ko akuya ba wanda zai sake ba ka riƙo.

Ƙanina ya sunkuya ya taɓa ganyen ɗaya.

"Ni na ce ya dasa min, Baffa. A waya na gaya masa."

Ƙarya ce, kuma Baffa ya sani. Ya dube shi, ya dube ni, ya ce to madalla, Allah ya yi albarka. Kafin azahar labari ya zaga gari, ana ta cewa ka ga ɗan halak, ya rufa wa yayansa asiri. Ya kamata in gode masa. Na kasa. Har wannan alherin sai da na yi kishinsa, don ya sake samun abin da ban samu ba, kuma da kunyata ya same shi.

Duk da haka na sa rai. Hutunsa wata ɗaya ne, zai koma bariki a kudu, gona kuwa ba ta zama haka nan. Wa zai bar wa in ba ni ba? Har na fara tara takin bana a bayan danga.

Ana gobe zai tafi ya same ni a zaure ina gyaran mangala. Ya durƙusa kamar yadda ya saba tun yana yaro, ya gaishe ni. Sannan ya ce ya ba maƙwabcinmu na gabas aron gonar, Baffa ya shaida, ya ga bai dace in ji a bakin wani ba.

Na ce, "Bare? Ina raye? Me ya fi ni da shi?"

Bai ɗago kai ba.

"Bai fi ka da komai ba, Yaya. Ko rabin nomanka bai iya ba. Amma shi ranar da na ce ya fita, zai fita."

Ya yi min sallama ya shiga wajen Inna. Da safe na ɗora wa jaki takin nan, na kama hanyar jigawa.