Folda mai ƙugiya

Ranar Asabar ce ta bayan Ista, da misalin ƙarfe goma na safe, a wani shago da aka mayar aji a unguwar Television a Kaduna. Akwai malaminmu, matashi ɗan kudancin Kaduna mai rubuta manhaja. Akwai ni, na taso daga Tudun Wada. Sai wata 'yar Filato mazauniyar Unguwar Boro, wadda muka yi shekaru tare a ɗakin labarai na rediyo, ni ina gyara rubutu, ita tana kawo rahoton kasuwa. Tare aka sallame mu, tare muka shiga koyon wannan sana'a.

Malam ya samu aiki daga wata ƙungiyar masu sayar da citta. Suna son shafin intanet da zai riƙa ajiye bayanin kowane buhu a kan bulokcen, wato rajistar da kwamfutoci da yawa ke riƙe da kwafinta, ba mai iya gogewa shi kaɗai. Mataimaki ɗaya yake bukata. Ya ce ba a fara gini a kan sarƙar gaske, wato bulokcen ɗin da kowa ke amfani da shi, sai kowa ya kafa ta gwaji a cikin laftof ɗinsa. Wadda tata ta tashi kafin ya kashe janareta da azahar, da ita zai tafi.

Ina son aikin nan. Na karanta matakan da ya ba mu a takarda har na haddace su: a sauke manhajar da ke tafiyar da kod, a girka kayan rubuta yarjejeniya, wato umarnin da ake ɗorawa kan sarƙar, a tayar da sarƙar gwajin, a haɗa ta da walat, wato jakar kuɗi ta intanet, a burauza. 'Yar Filato kuwa ko takardar ba ta zo da ita ba. Tana cin gyaɗa tana leƙa tawa, tana buga umarnin da yatsa biyu.

Kafin sha ɗaya baƙin allonta ya cika da jerin asusun gwaji. Ta buɗe burauza, shafin ya fito. Malam ya ja kujera ya zauna kusa da ita, suka koma Pidgin suna dariya. Na lura da kujerar. Tunda muka fara ajin, gefena yake ajiye ta, don ni ce mai tambaya.

Nawa allon jan rubutu ya fitar. Na goge na sake, ja. Na duba kowane harafi na umarnin kamar yadda nake duba labaran ƙarfe bakwai, babu kuskure ko ɗaya.

“Hajiya Edita, naka bai tashi ba?” in ji ta.

Shekara da shekaru ina gaya mata cewa mace ake ce wa naki. Ranar ban gyara ba. Na ce mata yana hanya. Ta miƙo mini gyaɗa, ta ce in kawo ta taɓa mini, wai hannunta na da sa'a yau. Na ce na gode, na juya laftof ɗin ta yadda ba za ta ga allon ba. Malam ma ya ce yana zuwa, amma yana nuna mata yadda ake tura yarjejeniyar farko, bai ɗago ba.

Ba na ƙin matar nan. Ita ta kwana da ni a asibiti lokacin da aka yi wa mahaifiyata aiki. Amma ina jin tana karanta abin da ke allonta da ƙarfi, tana kiran kalmomin a karkace, kuma komai na tafiya, sai na ji gyaɗar da take taunawa ma tana ba ni haushi.

Wajen ƙarfe ɗaya na daina duba umarnin, na karanta jan rubutun kansa. Yana cewa bai ga wata folda ba, ya kuma rubuta adireshinta. A inda sunan asusuna yake, alamomin tambaya ne a tsakanin haruffa. Ranar da na sayi laftof ɗin na sa wa asusun suna Ɗakin Ƙirƙira, da ƙugiyoyinsa cif, kuma a ƙarƙashin wannan suna komai ke sauka. Ɗaya daga cikin kayan aikin bai san ɗ da ƙ ba.

Na kira Malam. Ya duba, ya ce haka ne, sai dai in buɗe sabon asusu da haruffan Turanci zalla in sake girka komai daga farko. Na tambayi ita wane suna ta sa wa nata. Ta ce ba ta sa ba, yadda wanda ya sayar mata da laftof ɗin ya ba ta haka yake.

“Ka gani, Hajiya? Da ka bar shi kawai.”

Ta faɗa ne da tausayi, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Na fara saukewar daga farko, layin da ke nuna ci gabanta na tafiya a hankali. Bai kai rabi ba aka kira sallah a masallacin bayan layi, Malam ya ba ni haƙuri, ya fita ya kashe janareta.

Ita ya ɗauka. Tawa sarƙar ta tashi ranar Talata a gida, a sabon asusu mai suna aiki. A lokacin ta riga ta fara zuwa wurin masu citta tun Litinin.