Malam Sule Mai Garaji da Man da Ya Ɓace

Ina ofis a Damagaram ranar Talata da hantsi, ƙanen Malam Sule mai garaji ya kira ni daga Magarya. Bai tsawaita gaisuwa ba. Ya ce Malam ya rasu bayan sallar asuba, ciwon ƙirjin da ya kwantar da shi mako biyu ne ya zama ajali. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na nemi mota nan take, amma ko da na isa an riga an dawo daga maƙabarta.

Waɗanda suka san shi za su tuna rumfar kwanon da yake aiki a ciki, da tsohon buhun da yake shimfiɗawa ya jera duk abin da ya kwance, bi da bi, don kada ya mayar da wani inda ba wurinsa ba. Mutum ne mai ƙarancin magana, kuma ba ya faɗin ciwon mota daga nesa. In direba ya shigo yana cewa ai ya san matsalar, sai Malam ya nuna masa ƙasan motar ya ce, "To bismilla." Abin da na fi tunawa da shi kuwa ya shafi wani mutum dabam, kuma ba ni da abin alfahari a cikinsa.

Kafin in koma aikin jarida, ni ne sakataren komiten asibitin ƙauyenmu, a ƙasar Mallawa. Muna da tsohuwar mota guda ta kai marasa lafiya Magarya. Direbanta Idi ne, magidanci mai 'ya'ya shida. Sai man bwat, wato akwatin giya, ya fara ɓacewa. A cika yau, bayan tafiya uku a tarar ya yi ƙasa. An canja jowan, robar da ke tare mai a bakin bwat, har sau biyu. Ga shi inda motar take tsayawa ƙasa a bushe take, ba ɗigo ko ɗaya. Magana ta tashi cewa Idi ne ke zuƙe man yana sayar wa masu injin niƙa. Komite ya zauna aka yanke a sallame shi, ni kuma na rubuta takardar sallamar da Faransanci mai kyau. Abin da ya rage kawai makanike ya shaida cewa bwat lafiya lau take.

Muka tafi Magarya, Idi yana tuƙi, takardar tana aljihuna. Na ja Malam gefe na yi masa bayani.

Ya ce, "Sakatare, shaida ka zo nema ko gyara?"

Na ce shaida.

"To ba ni da ita tukuna. Ga benci."

Ya wanke bwat ɗin da kalanzir har ƙarfe ya fito fes, ya bar ta ta bushe. Ya shiga gida ya ɗebo tokar murhu, ya tankaɗe ta da rariyar uwargidansa, ya barbaɗe ƙasan motar. Sannan ya ce wa Idi ya bi da mu hanyar amalanke, inda rairayi ya fi zurfi, kada ya tausaya mata. Muka yi awa guda muna tafiya.

Da muka dawo Malam ya kwanta ƙarƙashinta, ya kira ni. "Zo ka kwanta, rigar za ta wanku. Ku 'yan lekol, masu karatun boko, abin da ba a rubuta ba ba ku ganinsa."

Na kwanta. Wani baƙin layi ya ratsa tokar daga jowan na baya. Ya ce sai ta yi zafi take zubarwa, a kan hanya, rairayi ya shanye, kafin ta tsaya a gida ta huce. Na ce to a sake canja jowan.

"Sau biyu aka canja. Sabuwar roba ba ta yoyo haka kawai, wani abu ke tura ta daga ciki. Idi, motar nan ta taɓa daɗewa a ajiye?"

"Damina guda, Malam, muna jiran taya."

Malam ya miƙa hannu saman bwat ya zaro wani ɗan bututu. Ya ce wannan ne hancinta, ta nan iska mai zafi ke fita. Murfinsa ya faɗi, zanzaro ya samu rami ya yi gini. Ya zura waya, busasshiyar laka ta zubo. Ya juye ta a tafin hannuna.

"Ga ɓarawonku. Sai ka rubuta masa takarda."

Ya share bututun, ya yi masa murfi, ya sa sabon jowan, ya cika mai. Man bai ƙara ɓacewa ba. Za mu tafi ya riƙe hannuna ya rage murya: "Gyaran mota ya ƙare, saura naka. A gaban mutane aka zarge shi, a gabansu za ka ba shi haƙuri."

Na ce to. Na yaga takardar, na yi wa komite bayani, Idi ya ci gaba da aikinsa. Amma haƙurin ban bayar ba. Da farko girman kai ne, daga baya kunya, har shekaru suka shige. Duk lokacin da na biya ta garaji, bayan gaisuwa sai ya ce, "Sakatare, ka yi?" In ce ina nan tafe. Bai taɓa yi mini faɗa ba, kai kawai yake gyaɗawa ya koma aikinsa. A babbar sallar da ta wuce ma ya tambaya.

A wajen zaman makoki na tarar da Idi, furfura ta cika masa gemu, da dattawa biyu daga cikin tsohon komite. Bayan an shafa fatiha na matsa gabansa na durƙusa. Na faɗi abin da na rubuta a kansa, da ƙarfi yadda kowa zai ji, na roƙe shi gafara.

Idi ya ɗago kai ya dube ni. Sannan ya ce, "Sakatare, na ga takardar tun ranar, tana leƙowa daga aljihunka. Ni na yafe tun a hanya. Malam ne ya so ya ji da kunnensa."

Allah ya jiƙan Malam Sule, ya gafarta masa kurakuransa, ya haskaka kabarinsa, ya sa aljanna ce makomarsa. Allah ya ba uwargidansa da 'ya'yansa da ƙannensa haƙurin wannan rashi, ya tsare bayansa. Mu kuma Allah ya ba mu ikon sauke haƙƙin mutane tun da sauran lokaci, in tamu ta zo ya sa mu cika da imani. Amin.