Shafin Gwaggo a Kundina

A gidanmu na unguwar Adjamé, a Abidjan, ni ce ta farko da ta kai jami'a, kuma na yi ta ɗaga kai da abin har ya fara ba mutane haushi. Da lokacin rubuta kundin digiri na biyu ya zo, na zaɓi riƙon 'ya'ya a tsakanin Hausawan Abidjan, don ina ganin abu ne da na sani tun ina rarrafe.

Malaminmu ya ja mana kunne a kan abu biyu: a nemi yardar mutum kafin a ɗauki maganarsa, a kuma canza masa suna. Duka biyun na yi, shi ya sa na daɗe ina wanke kaina.

Gwaggo, yayar mahaifina, tana zaune a unguwar Treichville, tana sayar wa ma'aikatan tashar jirgin ruwa fura. Mutuniyar Madawa ce, tana ɗingisa ƙafar hagu. 'Yarta ɗaya, wadda muke kira Yaya, ma'aikaciyar asibiti ce. Na je wurin Gwaggo ne don ta ba ni labarin wasu, sai ta ba ni nata. Tana dama fura, ba ta ko dube ni ba, ta ce ba ita ta haifi Yaya ba. Wata maƙwabciyarta ce, baƙuwa daga kudu, ta rasu kwana shida da haihuwa, mijin kuma ya bi jirgi bai dawo ba. Gwaggo ta ɗauki jaririyar, mijin Gwaggo ya yi mata takardar haihuwa da sunansu. Tsofaffin da suka sani sun kama bakinsu har suka mutu.

Na ce, "Gwaggo, in rubuta?"

Ta ce, "Wa zai karanta?"

Na ce malamai uku ne, daga nan a kulle shi a ɗakin karatu, ƙura ta cinye shi. A lokacin gaskiya na faɗa mata.

Ta ce, "To rubuta, 'yar boko. Amma ki cire sunana."

Na cire, na laƙa mata wani. Abin da ban tuna ba, duk da digirina, shi ne a cikinmu ba a sanin babba da suna. Ni kaina sai da na girma na san sunan Gwaggo na yanka. Da garinsa da sana'arsa ake sanin mutum, su kuwa na jera su tsaf a shafin: 'yar Madawa mai fura a bakin tashar jirgi, mai ɗingishi, mai 'ya ɗaya.

Shekaru suka wuce, jami'a ta ɗora tsofaffin kundaye a intanet don kowa ya amfana. Ni ma na yi murna. Da hannuna na tura wa 'yan'uwa a waya, ina jiran yabo. Da Faransanci na rubuta kundin, Yaya kuwa ta fi jin Faransanci a kan Hausa, kuma ita kaɗai ce ta karanta har ƙarshe, don tana alfahari da ni. A shafin nan ta gane Gwaggo, ta gane kanta.

Gwaggo ta aiko a kira ni. Na hau gbaka, ƙaramar bas ɗin haya, daga Adjamé. Na so ta zage ni, ba ta yi ba. Ta sa na karanta mata shafin ina juya shi da Hausa, ta saurara har na gama.

Ta ce, "Ba ki ƙara ko kalma ba. Amma kin ce kullewa za a yi."

Na rubuta wa jami'a, suka cire kundin bayan wasu makonni. Hakan bai gyara komai ba. Yaya ba ta yi faɗa ba, ba ta kuma daina zuwa ba. Tana kawo magani, tana auna mata jini, tana gyara mata shimfiɗa. Sai dai ta daina cewa Inna, ta koma cewa Hajiya, kuma duk lokacin da ta faɗa ina ganin fuskar Gwaggo. Kowaccensu tana jiran ɗayar ta fara maganar, har Gwaggo ta rasu da damina ta biyu.

Ranar sadakar bakwai, Yaya ta same ni a bayan gida ina wanke kwanoni. Wannan ne karo na farko da ta yi mini magana tun da abin ya faru. Ta tsuguna kusa da ni ta yi ƙasa da murya.

Ta ce, "Ƙanwata, ba faɗa na zo yi ba. Matar nan da ta haife ni, Inna ta gaya miki sunanta?"

Na tuna ranar sarai. Gwaggo ta buɗe baki za ta faɗa, na ɗaga mata hannu na ce ta bar shi, ai ko ta faɗa canzawa zan yi.

Na ce, "Ban tambaya ba, Yaya."

Ta gyaɗa kai, ta ɗauki kwano ɗaya ta fara taya ni ɗauraya.